Yadda Ake Ƙara Wa Waƙa Ƙarfin Sauti Bayan An Gama Haɗa Ta a Situdiyon Gida

Akwai wata damuwa da kusan duk mai ɗaukar sauti a gida yake cin karo da ita. Mutum zai gama haɗa waƙarsa, ya saurare ta a lasifikokin ɗakinsa ya ji komai ya zauna daidai, amma da zarar ya fitar da ita ya kunna ta a waya bayan wata waƙar da aka yi a babban situdiyo, sai ya ji tasa ta yi ƙasa sosai, har sai ya ƙara murya kafin ya ji baitin farko da kyau. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi a irin wannan hali shi ne fedar ƙarshe ta ƙara ko rage ƙarfin sauti, wadda duk layukan sauti ke bi ta cikinta, a tura ta sama. Sai mita ta yi ja, ganga ta fara tsagewa, murya ta yi kaushi, ƙarfin da ake nema kuma bai samu ba.

Dalilin haka shi ne, sautin da kwamfuta ke ajiyewa yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, wadda ake rubutawa 0 dBFS, kuma duk sauran ma'auni a ƙarƙashinta suke, shi ya sa lambobin da ke jikin mita suke ɗauke da alamar ragi. A cikin manhajar haɗa sauti irin su Reaper ko FL Studio ko Cubase, sauti yana iya wuce wannan iyaka ba tare da ya lalace nan take ba, domin lissafin cikin manhajar yana da faɗi ƙwarai, amma a lokacin da zai fita zuwa lasifika ko zuwa fayil na yau da kullum, duk abin da ya haura sifili yanke shi ake yi, wannan yankewar ce kunne ke ji a matsayin tsagewa. Abin lura a nan shi ne, waƙarka da waccan waƙar ta babban situdiyo duk suna taɓa wannan rufi ɗaya. Inda suka bambanta shi ne nisan da ke tsakanin gangar jikin waƙar da rufin. Ka ɗauka mota ce aka yi wa lodi za ta bi ta ƙarƙashin gada: idan sanda guda ta yi tsini sama, ita kaɗai za ta hana a ƙara wa lodin tsawo, ko da kuwa sauran kayan duk suna can ƙasa. A cikin waƙa, wannan sandar yawanci bugun ganga ne, ko wata kalma da mawaƙi ya furta da ƙarfi, ko wani sautin bes, wato amo mai kauri na ƙasa, da ya fi 'yan'uwansa kumbura. Saboda haka aikin ƙara ƙarfi gaba ɗaya aikin rage tazara ne tsakanin waɗannan tsinin da sauran waƙar, kuma mafi yawansa a lokacin haɗawa ake yin sa. Limita da ake sawa a ƙarshe, wato na'urar da ke hana sauti haura rufin, tana tattara abin da aka riga aka shirya mata ne kawai.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a samu mitar da ke auna ƙarfi yadda kunne ke jin sa. Mitar da ke jikin feda ƙololuwar sauti take nunawa, wato mafi tsawon tsini, kuma wannan ba ya gaya maka ko waƙa za ta ji da ƙarfi ko ba za ta ji ba. Ma'aunin da ake amfani da shi yanzu shi ne LUFS, wanda ya samo asali daga ƙa'idar da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta fitar a 2006 mai lamba BS.1770, wadda kuma ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai ta gina nata tsarin a kanta a 2010, inda ta tsayar da shirye-shirye a kan -23 LUFS. Wannan ma'auni yana fifita zangon sauti, tsakanin mai kauri da siriri, wanda kunne ya fi ji, yana rage wa sautin can ƙasa muhimmanci, sannan yana ɗaukar matsakaicin waƙar tun daga farko har ƙarshe. Akwai mitoci na kyauta da ke yin wannan aiki, kamar Youlean Loudness Meter, kuma manhajoji da yawa suna zuwa da tasu. A sa ta a matsayin abu na ƙarshe a layin fita, a kunna waƙar gaba ɗaya, a rubuta lambar da ta bayar tare da ƙololuwar sautin. Idan, alal misali, ƙololuwa tana -1 amma matsakaicin yana -20 LUFS, to akwai tazarar desibel 19 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma babu limitar da za ta cinye rabin wannan tazara ba tare da an ji ɓarnarta ba. Irin wannan waƙa komawa teburin haɗawa take bukata.

Wuri na farko da za a duba a can shi ne zangon ƙasa, kuma a nan ne mafi yawan ƙarfin waƙoƙin gida yake salwanta. Tun a 1933 masu bincike biyu na dakunan gwajin Bell a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kowane zango daidai wa daida. Ya fi jin abin da ke tsakanin Hz 2,000 zuwa 5,000 (Hz shi ne yawan karkarwar sauti a sakan ɗaya, ƙaramar lamba sauti ne mai kauri, babba kuma siriri), yayin da sautin da ke can ƙasa sai an ba shi ƙarfi mai yawa kafin a ji shi kamar sauran. Ma'anar wannan ga mai haɗa waƙa ita ce, bes yana cin fili mai yawa a ƙarƙashin rufin, amma abin da yake ƙara wa ƙarfin da kunne ke ji kaɗan ne. Matsalar ta fi tsanani a ɗakin gida, domin ƙananan lasifikoki ba sa fitar da abin da ke ƙasa da Hz 50 da kyau, ɗakin kuma yana iya haɗiye wasu sautukan bes a daidai wurin da mutum ke zama, sai ya yi ta ƙarawa yana neman abin da ɗakin ne ya ɓoye masa. Idan ka buɗe manhajar da ke zana zangunan sauti, irin Voxengo SPAN wadda kyauta ce, sau da yawa za ka ga tudu a gefen hagu, a wajen Hz 30 zuwa 40, yana tashi yana sauka alhali kunnenka bai ji komai ba. Wannan tudun shi ne zai fara bugun limita.

Maganinsa shi ne a bi layi-layi da ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage wani zango na sauti, a yanke ƙasan duk abin da ba shi da aiki a can. Muryar mawaƙi ba ta da abin amfani ƙasa da Hz 80 ko kusa da haka, sai ƙugin fanka da motsin ƙafa da iskar da ke bugun makirufo. Jita da fiyano da muryoyin amshi su ma ana iya yanke musu ƙasa, a riƙa matsar da wurin yankewar sama a hankali har sai an ji kayan kiɗan ya fara ramewa, sannan a ɗan dawo baya. A yi wannan hukunci ana jin waƙar gaba ɗaya, domin abin da ya yi kama da rama idan an ware shi shi kaɗai, sau da yawa daidai yake a cikin taro. Babbar ganga da bes su ne masu gidan wannan zango, kuma su ma bai kamata su yi ta faɗowa wuri ɗaya a lokaci ɗaya da cikakken ƙarfinsu ba, domin idan suka haɗu tsininsu ya kan ninka. Ana iya zaɓar ɗaya ya riƙe can ƙasa ɗayan ya zauna sama da shi kaɗan, ko a sa wa bes kwamfuresa, wato na'urar da ke danne sauti idan ya yi ƙarfi, wadda bugun ganga ke tayar da ita, ta yadda duk sanda ganga ta sauka bes zai sunkuya da desibel 2 ko 3 na ɗan ƙanƙanin lokaci ya dawo. Yana da kyau kuma a tara sautin da ke ƙasa da Hz 100 a tsakiya, kada a baza shi hagu da dama.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace amfani ga mai son bes ya ji ba tare da ya cinye fili ba, wato a ɗan gasa sautin da fulogi, ƙaramar manhajar da ake ɗora wa sauti, irin wanda ke kwaikwayon tef ko tsofaffin na'urori. Abin da wannan ke yi shi ne ya haifar wa sautin 'ya'ya a sama da shi. Idan bes yana kan Hz 60, za a samu ƙarin amo a kan 120 da 180 da 240, kuma ƙwaƙwalwar mai sauraro tana jin waɗannan ta cike na asalin da kanta, ko da lasifikar wayarsa ba ta iya fitar da Hz 60 ɗin ba sam. Ta wannan hanya ana iya rage ainihin bes ɗin da desibel ɗaya ko biyu, amma a ji kamar ma ƙaruwa ya yi. Haka kuma gasawar tana ɗan lanƙwasa tsinin ganguna, wanda shi ma riba ce. Sai dai a sa ta da sauƙi, domin idan ta yi yawa zangon Hz 200 zuwa 400 zai cunkushe, waƙar ta yi duhu.

Bayan zangon ƙasa sai murya. Mawaƙi ba ya rera kowace kalma da ƙarfi ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin kalmar da ya raɗa da wadda ya ɗaga tana iya wuce desibel 15. Masu farawa sukan ɗora wa kwamfuresa guda wannan nauyi duka, sai muryar ta shaƙe, numfashi da ƙarar ɗaki su taso. Abin da ya fi shi ne a fara da hannu: a buɗe layin muryar, a dubi zanenta, a rage kalmomin da suka yi tsawo fiye da kima, a ɗaga ƙarshen jimlolin da suka nutse, har zanen ya yi kusan daidai ga ido. Aiki ne mai cin lokaci, amma babu na'urar da ke yin sa da hankalin da mutum zai yi shi. Daga nan kwamfuresa mai matsin 3:1 ko 4:1 (yawan lambar farko, yawan dannewa) da ke rage desibel 3 zuwa 5 za ta wadatar. Haka za a yi wa ganguna a rukuninsu, a kula da bugun da ya fi sauran fita.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, yawan kayan kiɗa ba ya ƙara ƙarfi. Idan layuka goma suna kokawa a zango ɗaya, kowanne yana rufe ɗan'uwansa, jimlarsu tana cin fili, kunne kuma ba ya kama ko ɗaya da kyau. Waƙar da ke da ganga da bes da murya da kayan kiɗa biyu masu tsabta ta fi saurin yin ƙarfi a kan wadda aka cika maƙil. Haka nan amsa-kuwwa mai tsawo tana tura murya baya. Idan aka kashe wani layi aka ji waƙar ba ta rasa komai ba, a bar shi a kashe.

Idan haɗin ya zauna, a fitar da shi a matsayin fayil na WAV mai bit 24 ko 32, a kan adadin samfurin da aka yi aikin da shi, wato sau nawa kwamfuta ke auna sautin a sakan ɗaya, ba tare da limita a layin fita ba, ƙololuwarsa tana wajen -6 zuwa -3. Kada a damu cewa ya yi ƙasa. Bit 24 yana da faɗin kusan desibel 144, don haka barin sarari a sama ba ya rage komai daga ingancin sauti. A buɗe sabon aiki a shigo da fayil ɗin, kuma idan da hali a bari sai washegari, domin kunnen da ya wuni a kan waƙa ɗaya ya riga ya saba da aibobinta. A shigo kuma da wata waƙa irin wadda kake yi, wadda ka yarda da yadda aka gama ta, a ajiye ta a layi na daban da ba ya bi ta cikin fuloginka, a rage ta har ƙarfinta ya yi daidai da na taka.

Wannan daidaitawar ita ce ginshiƙin duk hukuncin da za a yanke daga nan, kuma ina so a riƙe ta da muhimmanci. Kunne yana da wata ɗabi'a da ba a iya raba shi da ita: idan aka ba shi sauti ɗaya sau biyu, ɗaya ya fi ɗaya da ko desibel 1 ne, zai ce mai ƙarfin ya fi kyau, ya fi haske, ya fi kauri. Saboda haka duk fulogin da ya ƙara ƙarfi zai yi kama da ya gyara waƙa, ko da ɓata ta ya yi. Hanyar kauce wa wannan ruɗi ita ce, duk lokacin da za ka kwatanta kafin da bayan, ka rage na bayan har su yi daidai a mitar LUFS, sannan ka saurara. Limitoci da yawa, ciki har da FabFilter Pro-L 2, suna da maɓallin da ke yin wannan da kansa, yana rage fita gwargwadon yadda ka ƙara shiga.

Jerin kayan gamawa ba ya bukatar tsawo. A fara da ikwalaiza, a yanke abin da ke ƙasa da Hz 25 ko 30, a yi ƙananan gyare-gyare da ba su wuce desibel 1 ko 2 ba. Idan ana bukatar fiye da haka, matsalar tana cikin haɗin ne. Sai kwamfuresa mai taushi, matsinta 1.5:1 ko 2:1, wadda ke jinkirin kamawa da kamar milisakan 30 domin kan bugun ganga ya wuce kafin ta riƙe, tana rage desibel 1 zuwa 2 kawai a wurin da waƙar ta fi cika. Ga waƙoƙin da ganguna ke jan ragamarsu, yana da amfani a sa kilifa kafin limita, wato fulogin da ke aske kan tsini kai tsaye. Yankewa ce irin wadda aka yi gargaɗi a kanta tun farko, amma a nan da gangan ake yin ta kuma da awo: tsinin ƙaramar ganga milisakan kaɗan yake ɗauka, kuma idan aka aske masa desibel 1 ko 2 kunne ba ya ganewa, alhali limita ta huta da biye masa. Idan askin ya kai ga bes ko murya, nan take za a ji shi, sai a ja baya.

Sannan limita. A sa rufinta a -1, a kunna awon ƙololuwa ta haƙiƙa da ake rubutawa dBTP. Dalili shi ne, lokacin da ake mayar da lambobi su zama sauti, ko ake matse fayil ya koma MP3 ko AAC, igiyar sautin tana iya haurawa sama da abin da mitar yau da kullum ta nuna, sai waƙar da ta fita lafiya daga kwamfutarka ta riƙa tsagewa a wayar wani. A zaɓi wurin da waƙar ta fi ƙarfi, yawanci amshin ƙarshe, a sa shi ya yi ta maimaituwa, a riƙa ƙara shiga a hankali ana kallon mitar da ke nuna yawan abin da ake ragewa. Desibel 2 zuwa 3 a kan bugun ganga abu ne da yawancin waƙoƙi ke ɗauka lafiya. Yana da kyau a wuce gona da iri da gangan sau ɗaya, da maɓallin daidaita ƙarfi a kunne, domin a san yadda ɓarnar take: ganga za ta koma baya ta rasa naushinta, murya za ta riƙa nutsewa duk sanda bes ya shigo, faya-fayan ƙarfe na ganguna za su yi ta huci. Da ka ji wannan, ka dawo baya har ya ɓace, ka ƙara komawa da desibel ɗaya.

Lokacin sakin limita yana bukatar kulawa ta musamman. Sautin Hz 50 yana ɗaukar milisakan 20 kafin ya kammala zagaye ɗaya, don haka idan limita tana saki da sauri fiye da haka, za ta riƙa bin igiyar bes ɗin kanta tana lanƙwasa ta, a ji wani gurnani a ƙasa. Idan kuma ta yi nawa da yawa, bayan kowane bugu waƙar za ta daɗe a sunkuye, ƙarfin ya ragu. Saitin da ke daidaita kansa ya kan yi daidai a mafi yawan lokuta. Idan ana bukatar ragi fiye da desibel 4, raba aikin tsakanin limitoci biyu a jere ya fi ɗora shi a kan guda.

To, wace lamba za a nufa? A nan ra'ayoyi sun rabu, kuma dole a dubi inda waƙar za ta je. Spotify tana daidaita waƙoƙi a kan -14 LUFS a saitinta na asali, YouTube ma yana rage abin da ya wuce kusan wannan, Apple Music kuma yana wajen -16 idan an kunna tsarinsa na daidaita ƙarfi. A irin waɗannan wurare, waƙar da aka matse ta kai -7 rage ta za a yi da desibel 7, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da wadda aka bari a -14, sai dai ita ta riga ta rasa naushin gangarta. Wannan ne ya rage wa gasar ƙarfi da ta yi kamari tun daga shekarun 1990 ma'ana. Amma ba daidai ba ne a ɗauki -14 a matsayin doka. Waƙoƙin rawa da na zamani da yawa har yanzu ana gama su a tsakanin -9 da -7, kuma idan waƙarka fayil ce da za a tura daga waya zuwa waya, ko mai kiɗan taro zai sa ta tsakanin wasu, babu abin da zai daidaita ta da kowa. A ganina, waƙar da ke da ganguna masu nauyi ta kan zauna lafiya a tsakanin -11 da -9 idan haɗin ya yi tsabta, mai sanyi da ta dogara da murya da kayan tsirkiya kuma tsakanin -14 da -12. Ka tsaya a inda waƙar ta daina amfana, ko da lambar ba ta kai ta wani ba. Spotify tana ba da shawarar cewa idan waƙa ta fi -14 ƙarfi, a saukar da rufin zuwa -2 dBTP, domin sautin da aka matse sosai ya fi saurin haurawa idan aka sauya masa tsari.

Idan za a fitar da fayil mai bit 16, kamar na faifan CD wanda ke kan samfuri 44,100 a sakan, a kunna dita, wato ɗan siririn shuu da ake zubawa domin wutsiyar sauti ta ɓace a hankali ba tare da ƙaiƙayi ba. Sau ɗaya ake sa ta, kuma ita ce ta ƙarshe a jeri. MP3 kuma daga WAV ɗin da aka gama ake yin sa, a kan kilobit 320 idan da hali, sannan a sake buɗe shi a auna ƙololuwarsa.

A saurari sakamakon a lasifikar waya da hedifon da cikin mota, kuma a saurare shi ƙasa-ƙasa, domin idan murya da ganga suna fitowa sarai a ƙaramin ƙarfi, za su fito a ko'ina. Yin aiki da lasifika a buɗe sosai yana gajiyar da kunne ya sa a yi ta ƙara zangon sama, kuma yana cutarwa: hukumar NIOSH ta Amurka mai kula da lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ka tsayar da maɓallin lasifikarka a wuri ɗaya da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da ɗaga murya ba, ka riƙa hutawa. Ka kuma ajiye fayil ɗin haɗin da ba a sa wa limita ba tare da wanda aka gama, domin idan daga baya aka bukaci wani ƙarfi na daban don bidiyo ko rediyo, ko ka samu wanda zai yi maka mastarin, wato wannan aikin gamawa, daga wancan za a fara, tunda abin da limita ta aske ba ya dawowa.